Matar da ta ƙirƙiro Monopoly da kangon da ke bayan gidanmu

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce 'ya'yan ƙanwata uku suka zo mana kwana goma, da kwalinsu na Monopoly, wasan allo na sayen filaye da karɓar haya, wanda ya sha jiki, rabin kuɗin takardar ya ɓace an cike gurbinsa da yankakken kwalin sukari. Daren farko na zauna a gefe ina kallo. Kafin sa'a biyu babbansu, ɗan shekara goma sha uku, ya mamaye gefe guda na allon ya jera otal-otal, ita kuwa autarsu duk inda ɗan ludo ya jefa ta sai ta biya haya. Ta jinginar da filayenta ɗaya bayan ɗaya har ta koma ba ta da ko sisi, ta fashe da kuka. Na ce, "Haba Abba, ka yafe mata wannan zagayen mana." Ko ɗago kai bai yi ba. "Kawu, ai ba ni na ce ba. Haka dokar take."

Bayan kwana huɗu dillalin da ke karɓar hayar gidan da nake ciki ya yi sallama da la'asar sakaliya. Muka gaisa, muka taɓa zancen zafi da na rashin wuta, sannan ya gyara zama. "Malam, Alhaji ya ce a shaida maka bana an ɗan taɓa kuɗin." Taɓawar nan ta kusa rabin abin da nake biya. Na tambaye shi me aka gyara a gidan, tunda rufin kicin damina biyu ke nan yana yoyo, famfon tsakar gida ma da kuɗina na ja shi. Ya yi murmushi irin na wanda ya saba da tambayar. "Ai Malam ba gidan ba ne, unguwar ce ta yi daraja. Ba ka ga an zuba kwalta ba?"

Na gani mana. Kwaltar da kuɗin jama'a aka zuba ta. Islamiyyar da ke kan kwana mu 'yan unguwa muka yi karo-karo muka gina. Masu shaguna da mai shayi da mai kemis da suka sa layin ya zama wurin zama, babu Alhaji a cikinsu, rabonsa da unguwar ma an fi shekara uku. Amma darajar da duk waɗannan suka haifar a aljihunsa za ta sauka, daga nawa aljihun. Ban ga laifin dillali ba, ban ma ga laifin Alhajin sosai ba, kamar yadda ban ga na Abba ba. Haka dokar take.

Abin da ya sa na haɗa zancen biyu shi ne, wasan da ya sa yarinyar nan kuka an ƙirƙire shi ne domin a tona asirin irin ƙarin da aka yi mini. Kuma mace ce ta ƙirƙire shi, 'yar gwagwarmaya, wadda aka yi kusan shekara arba'in sunanta na binne.

Sunanta Elizabeth Magie, an fi saninta da Lizzie. An haife ta a 1866 a garin Macomb na jihar Illinois a Amurka. Mahaifinta, James Magie, ɗan jarida ne mai adawa da bauta, yana cikin waɗanda suka bi Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, yawon muhawara a 1858. Ita kuwa aikin akawu ta yi a birnin Washington, tana buga keken rubutu a ofishin gidan waya inda ake tara wasiƙun da aka rasa masu su. Ba ta tsaya ga bugawa ba. A 1893, tun ba ta kai talatin ba, ta samu takardar haƙƙin ƙirƙira a kan wata dabara mai sauƙaƙa tafiyar takarda a cikin keken, a zamanin da cikin irin waɗannan takardu ɗari da wuya a samu ɗaya mai sunan mace. Tana rubuta waƙoƙi da gajerun labarai, tana hawa dandamali ta yi wasan barkwanci. Da guminta ta sayi gidanta, ba ta kuma yi aure ba sai a 1910, tana da shekara 44.

Wanda ke son sanin irin zuciyarta ya dubi abin da ta yi a 1906. Albashinta dala 10 ne a mako. Ta biya kuɗin talla a jarida, ta tallata kanta a matsayin baiwa, budurwa Ba'amurkiya, za a sallama wa wanda ya fi tayi. Ƙasa ta ɗauka. Da 'yan jarida suka yi mata caa, ta nuna musu daman abin da take nema ke nan, a waiwayo a dubi halin mace mai aiki wadda albashinta ba ya riƙe ta.

Mahaifinta ne ya haɗa ta da littafin da ya juya mata tunani, Progress and Poverty na Henry George, wanda ya fito a 1879. George ɗin nan ba farfesa ba ne. Tun yana yaro ya bar makaranta, ya yi aikin jirgin ruwa, ya koyi jera haruffa a maɗaba'a, ya sha yunwa a San Francisco har ya taɓa tare baƙo a titi ya roƙe shi dala biyar lokacin da matarsa ta haihu ba abinci a gida. Tambayar da ta hana shi barci ita ce, me ya sa duk inda gari ya bunƙasa, jirgin ƙasa ya iso, masana'antu suka tashi, a nan talauci ya fi muni? Ya ba da labarin ranar da ya gano bakin zaren. Yana kan doki a tuddan bayan Oakland ya tambayi wani mai keken dawaki nawa ƙasa take a wurin. Mutumin ya nuna masa can nesa inda shanu ke kiwo, ya ce akwai mai sayarwa a kan dala dubu kowace eka. Fili ne fetal, ba wanda ya dasa ko itace. Mutane kawai ake sa ran za su ƙaru.

Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Abin da mutum ya yi da hannunsa nasa ne: gini, shuka, rijiya. Ƙasa kuwa ba wanda ya yi ta, tsadarta ma taruwar jama'a ke kawo ta. Saboda haka a sauke haraji daga kan gumi da ciniki da gini, a ɗora shi a kan darajar filin tsurarsa, a mayar wa jama'a abinsu. Bai ce a ƙwace filin kowa ba. Ka riƙe takardarka, ka gadar wa 'ya'yanka, amma hayar ƙasar ta shiga baitulmali. Littafin ya sayu miliyoyi, kuma a 1886 George ya tsaya takarar magajin garin New York ya zo na biyu, gaba da Theodore Roosevelt wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa.

Lizzie tana karantar da wannan a ajin dare, ta ga bakin da take kashewa ba ya isa inda take so. Sai ta ce gani ya kori ji. Ta zana allo mai kusurwa huɗu, hanya na kewaye shi ba ta da ƙarshe, ta sa masa suna The Landlord's Game, wato wasan masu gidan haya. Ta nemi takarda a 1903, aka ba ta ranar 5 ga Janairun 1904. Duk wanda ya taɓa buga Monopoly zai shaida allon nan: filayen saye da na haya, layukan dogo huɗu, kamfanin ruwa da na wuta, gidan yari, da kusurwar da in ka taka filin wani ba izini za a ce maka wuce gidan yari. Duk zagaye ɗaya ka karɓi ladan dala 100, domin a cewarta ka yi aiki a kan uwa ƙasa. Wanda ya tsiyace kuma akwai gidan gajiyayyu.

Ga abin da ba a gaya wa Abba ba. Wasan ƙa'ida biyu gare shi. A ta farko, wadda muka sani, haya na shiga aljihun mai fili har mutum ɗaya ya haɗiye sauran. A ta biyu, 'yan wasa na iya sauya doka a tsakiyar wasa: hayar fili ta tafi baitulmali, in kuɗi ya taru a sayi kamfanin ruwa da na wuta da jirgin ƙasa su zama kyauta ga kowa, sannan a ƙara ladan zagaye. A bugun 1932 an sa wa wannan ɓangaren suna Prosperity, kuma ana tashi ne idan wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi ya ninka abin da ya fara da shi. Allon bai sauya ba, ɗan ludon bai sauya ba, mutanen da ke zaune su ne dai. Nufinta yara su buga duka biyun su ga bambancin da idonsu.

Wasan ya bar hannunta ya shiga gari. Mabiyan George a ƙauyen Arden na jihar Delaware suka riƙa bugawa, wani malamin tattalin arziki, Scott Nearing, ya kai shi aji a jami'ar Pennsylvania, ɗalibai suka riƙa zana nasu a kan ƙyalle suna sa sunayen titunan garinsu. A Atlantic City wasu 'yan ɗariƙar Quaker ta Kirista suka sa sunayen titunan can, waɗanda har yau su ne a kan allon Amurka. A wannan yawo na hannu zuwa hannu ne ƙa'ida ta biyu ta faɗi a hanya, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Wajen 1932 wani mai suna Charles Todd ya koya wa Charles Darrow wasan a Philadelphia. Darrow, wanda karayar tattalin arziki ta raba da aikinsa na tallan kayan ɗumama ɗaki, ya nemi a rubuta masa ƙa'idojin, ya kwafe har da kuskuren sunan wata unguwa, Marven Gardens da aka rubuta Marvin, kuskuren da ke kan allon har gobe. A 1935 ya sayar wa kamfanin wasanni na Parker Brothers da sunan Monopoly, a matsayin abin da ya fito daga kansa. Ya zama miloniya. Kamfanin, don ya toshe kowace kafa, ya je wurin Lizzie ya sayi takardarta ta biyu, ta 1924, a kan dala 500, ba kaso ko na kwabo daga ciniki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta yarda ne saboda an yi mata alkawarin za a buga nata wasan. An buga shi a 1939, ba wani talla, ya mutu a kan kanta. Tun a Janairun 1936 ta yi hira da jaridu biyu na Washington, ta ɗaga tsohon allonta a gaban mai hoto, ba wanda ya kula. Ta rasu a 1948, sanarwar rasuwarta ba ta ko ambaci wasan ba. Sai a 1973 wani malamin tattalin arziki a San Francisco, Ralph Anspach, ya fito da wasa mai suna Anti-Monopoly, kamfanin ya maka shi a kotu, shi kuma ya shiga tonon silili domin kare kansa, har ya gano tsofaffin da suka buga wasan tun kafin Darrow, ya gano takardar 1904. An yi kusan shekara goma ana shari'a, har an taɓa binne kwalayen wasansa kimanin 40,000 a juji a Minnesota, kafin ya yi nasara.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa: an cuci mace, an ba namiji suna. Gaskiya ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa. Amma ni a ganina dala 500 ita ce ƙaramar asarar. Ko da miliyan aka ba ta, aka rubuta sunanta da ruwan zinare a kan kwali, muddin ƙa'ida ɗaya ce a ciki to an gama da ita. Rabin wasan ne ya salwanta. Kuma in za a faɗi gaskiya ba Darrow ya salwantar da shi ba. Kafin wasan ya iso hannunsa jama'a da kansu sun yar da wancan rabin, har da ɗaliban jami'a, har da masu ibada.

Na so in ga dalili, sai na rubuta ƙa'ida ta biyu a bayan kalanda, na tara yaran washegari da dare. Muka sa wani kwanon sha a tsakiya ya zama baitulmali. Ba wanda ya yi kuka, amma ba wanda ya yi ihu. Da aka ɗan jima Abba ya fara hamma. "Kawu, to yanzu wa ke ci?" Na fara yi masa bayani, sai auta ta katse ni, ita da ta yi kuka daren farko. "Kawu, mu koma irin na da. Yau ni zan riga shi sayen shuɗin layin."

Maganar autar nan ce ta tsaya mini a rai. Lizzie ta ɗauka wanda aka cuta zai tsani dokar da ta cuce shi. Ashe sau da yawa kujerar da ya samu kansa a kai kawai yake tsana, yana jiran a juya. Ban isa in yi wa yarinyar dariya ba, domin ni ma in Allah ya buɗa mini gobe, na san abin da zan fara yi: in sayi fili a bayan gari, in kewaye, in jira. Mafarkin kowane ɗan haya a garin nan ke nan. A 2012 da aka fito da Monopoly na Legas, birnin Afirka na farko da ya samu nasa, an sa Banana Island, unguwar attajirai, a gurbin mafi tsada, Makoko, unguwar talakawa, a gurbin mafi araha, ƙa'ida ɗaya a cikin kwalin, aka yi ta murna.

Wani zai ce to ina ruwan Bakano da rigimar mutanen Amurka. Ruwansa shi ne ra'ayin Henry George ya riga Monopoly zuwa ƙasar nan, kuma shi ma rabinsa ne ya zauna.

A 1907 Percy Girouard, injiniyan layin dogo ɗan Kanada, ya gaji Gwamna Lugga a mulkin Turawa na Arewa. A hannunsa aka fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, ya kuma san abin da jirgin ƙasa ke yi wa farashin ƙasa. Shi da Charles Temple, wanda daga baya ya zama Laftanan Gwamnan Arewa, tunanin George ya shige su. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan kan ƙasar Arewa, a ciki har da Josiah Wedgwood, ɗan majalisar Ingila da ya yi suna wajen kiran a sa harajin fili. Abin da ya biyo baya shi ne dokar 1910, wadda ta ce duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya, mutum kuwa haƙƙin zama da amfani gare shi. Kada a ɗauka tausayi ne. Mutanen da suka ci ƙasar da bindiga a 1903 ne ke neman hanyar tara kuɗin mulki, ba sa kuma son tasowar manyan masu ƙasa da za su tsaya tsakaninsu da manoma. Amma a takarda tsarin ƙafa biyu gare shi: ƙasa ta zama amana, hayarta kuma ta koma wa jama'a. Lugga da ya dawo a 1912 bai yi na'am da ƙafa ta biyu ba.

Ta farkon kuwa ta yi tsawon rai. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaje ta, sannan a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa ta a kan Najeriya duka, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda ba ta gyaruwa sai an bi hanyar gyara shi. Sashenta na farko ya ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna, amana ce, domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Kusan kalmomin 1910 ne aka sake wa riga. Har yau takardar da muke kira C of O galibi ta shekara 99 ce, ba ka sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna, in kuma an karɓe domin amfanin jama'a diyyar gini da shuka ake biya, ban da ta ƙasar. Dokar ta ma ba gwamna ikon yanka kuɗin ƙasa na shekara-shekara da sabunta shi in lokaci ya ja.

To me aka yi da amanar? Kowa ya sani. A karɓe gonakin ƙauyen da gari ya cim ma, a biya manomi kuɗin dawa da ɗorawar da ke ciki, a yanka fulotai, a raba wa waɗanda sunansu ya shiga jeri, kafin tawada ta bushe takardar ta faɗa hannun dillalai a ninkin-ba-ninkin. Manomin da aka tasa ya dawo yana gadi a gonar kakansa. Manoman Bakolori da suka tsaya a kan diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta ci, a 1980 da harsashi aka amsa musu. Gbagyin Abuja suna nan suna kallon abin da ƙasarsu ta zama. Talakan da ba shi da hanyar shiga jeri sai ya bi awon igiya, ya sayi ɗan abin da ya samu a lungun da ba titi ba magudana, ya zauna da fargabar ranar da za a zo da jan fenti. Hukuma ta ɗauki ikon, ta ajiye nauyin da ke tare da shi, aka koma zaman kashin dankali.

Bayan gidan da nake haya akwai kango. Fuloti huɗu ne a haɗe, an kewaye da bulo an sa ƙofar ƙarfe tun kafin in tare, shekara tara ke nan. Ba a taɓa haƙa ko harsashin gini a ciki ba. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, sauro da macizai daga can suke mana sallama, da rani kuma matattarar 'yan shaye-shaye ce. Mai shi ba ya asarar komai. Duk shagon da aka buɗe a layin, duk bututun da aka ja, kuɗinsa ke ƙaruwa yana barci. Wanda ya yi gini a unguwar shi ake bi da kuɗin izinin gini da na shago da na kwasar shara. Wanda ya bar fili ya zama bola, ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ra'ayina shi ne jihohinmu su koma su ɗauko rabin da aka yar. Ba sai an yi wata gagarumar doka ba, kuɗin ƙasa yana rubuce a jikin takardar kowa, an dai bar shi ne ya zama abin dariya. A kimanta darajar fili tsurarsa, unguwa-unguwa, ba tare da duba abin da aka gina a kai ba, a riƙa sabunta kimar duk bayan 'yan shekaru, a karɓi wani kaso kowace shekara. Mai bene hawa uku da mai kango, in filinsu ɗaya to kuɗinsu ɗaya. Ofisoshin taswirar filaye irin su KANGIS da KADGIS da AGIS daman aikinsu ke nan, sanin mai kowane fuloti. Fili ba ya gudu, ba a ɓoye shi a Dubai, ba a tsallaka iyaka da shi da daddare. Shi ya sa har Milton Friedman, masanin tattalin arziki na Amurka wanda ba ya ƙaunar haraji ko kaɗan, ya ce a cikin haraji wannan ne mai dama-dama. Denmak da Estoniya suna karɓarsa, birnin Pittsburgh kuma daga 1913 har 2001 ya fi ɗora wa fili nauyi a kan gini.

Na san kalmar haraji ba ta da farin jini a Arewa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Kakanninmu sun bar ƙauyuka saboda shi, an sayar da akuyar da ba ta kamata a sayar ba. A 1979 da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa murna suka yi, kuma sun yi daidai. Sai dai wancan a wuyan mutum yake, ko yana da shi ko ba shi da shi. Wannan darajar ƙasa yake bi. Manomin da gonarsa ke can nesa da kwalta kusan ba abin da zai biya, mai fuloti goma a Nassarawa ko Maitama shi zai ji a jikinsa. Dillalinmu zai ce ai Alhaji ɗan haya zai ɗora wa. Zai gwada. Amma Alhaji ya riga ya karɓi iyakar abin da kasuwa za ta ba shi, rashin mai biya ne ya hana shi ninkawa bana. In kuma riƙe kango ya fara cin kuɗi, masu kangaye za su gina ko su sayar, gidaje su yawaita, ɗan haya ya samu bakin cewa a'a.

Masu cewa baƙon ra'ayi ne su buɗe babin raya matacciyar ƙasa a littattafan fiƙihu. Hadisi ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Rayawa aka ce, ba a ce kewayewa ba. Sayyidina Umar ya karɓe daga hannun Bilal ɗan Haris abin da ya kasa rayawa na filin Aƙiƙ da aka yanka masa, ya kuma ƙi raba ƙasar Iraƙi ga mayaƙan da suka ci ta, ya bar ta a hannun manomanta da haraji domin na baya su samu. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan wannan babi. A al'adarmu ma gonar da aka bari ta daɗe tana saura, dagaci na iya ba wani ya noma. Hukunci na malamai ne, ni dai na ce ba mu fara jin zancen a bakin Bature ba.

Inda nake jin tsoro wuri biyu ne. Na farko tsohuwar da ta gaji gidan ƙasa a Fagge ko cikin Birni, kasuwa ta zo ta kewaye ta, filinta ya zama na miliyoyi alhali ƙosai take sayarwa. In aka kai mata takarda daidai da ta mai kanti, an kore ta ke nan daga gidan ubanta da sunan adalci, kuma mai kuɗin da ke jiran ta gaji shi zai saya. Dole a cire gidan da mutum ke kwana a ciki in bai wuce wani girma ba, ko a jinkirta biyan har ranar da za a sayar. In ba za a yi haka ba, gara a bar kaza cikin gashinta.

Na biyu ya fi nauyi: wa zai karɓa? Hannun da ke raba fulotai shi ne dai zai riƙe rasit. A 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye sama da 4,000 saboda bashin kuɗin ƙasa na shekara goma zuwa sama. Abin ya nuna yadda manya suka daɗe ba sa biyan ɗan abin da aka yanka musu, ya kuma nuna irin wuƙar da ke hannun hukuma in ta so yanka wani ta bar wani. Legas ta ƙara nata kuɗin a 2018, gari ya ɗauki zafi, ta ja da baya. Mutane ba sa ƙin biya don wauta, sun ga inda na baya ya shiga. A allon Lizzie baitulmali a tsakiya yake, idon kowa na kansa, kamar kwanon shan da muka ajiye da yaran. Sharaɗin ke nan. Kimar kowane layi a manna ta a ƙofar mai unguwa da allon masallaci, kowa ya ga nasa ya ga na maƙwabcinsa, har da na kwamishina. Sunan duk wanda aka ba fuloti a buga shi. Kaso mafi tsoka na abin da aka tara a unguwa ya tsaya a unguwar, a ga magudanar, a ga ajin, a ga famfon yana zuba. Gwamnan da ba zai iya buga jerin waɗanda ya ba fili ba, ban yarda a ba shi wannan rasit ba.

Ƙarin hayar dai na biya, da kwasar adashen uwargida. Makon jiya na ga an juye tifa biyu ta yashi a ƙofar kangon, har na ji daɗi, na ɗauka gini za a fara. Na tsaya muka gaisa da maigadin, na ce, "Baba, ashe za mu yi maƙwabta." Ya girgiza kai. "A'a Malam, katangar za a ƙara wa tsawo. An ce za a yi gadar sama a mahaɗar can, mai wurin ya ce ko an taya kada a saurara sai an gama."